Ɗumame Ne Ko Sabon Girki? Tsokaci a Kan Masu Sake Amfani da Kiɗansu Tsakanin Fim da Zauren Kiɗa

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya yi ko da zango ɗaya a jami'a ya san wata doka wadda ba sai an rubuta ta a allo ba: ba a miƙa jinga ɗaya ga malamai biyu. Ko da kai ne ka yi ta da guminka, ba ka kwafi ta kowa ba, ranar da aka gano ka miƙa ta sau biyu sai ka yi bayani. Da wannan doka a raina na fara karanta tarihin wasu mashahuran masu tsara kiɗa na Turai da Amurka, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. Mutum zai tsara kiɗa domin fim, a biya shi, jama'a su kalla su watse. Bayan 'yan shekaru sai ya ɗauko wannan kiɗa, ya gyara shi, ya ba shi sabon suna, ya kai shi zauren da ake zuwa musamman domin sauraron kiɗa, a sake tafa masa. Wani kuma akasin haka yake yi, wato ya ɗauko abin da ya tsara domin zaure ya saka a fim.

Masu suka sun daɗe suna yi wa wannan ɗabi'a kallon ɗumame, wato tuwon jiya da aka ɗumama aka kawo wa baƙo da sunan sabon girki. Ni ma da farko haka na ɗauka. Amma da na bi labaran ɗaya bayan ɗaya, na kuma saurari kaɗe-kaɗen da kunnena, sai ra'ayina ya sauya. Abin da nake son in nuna a wannan maƙala shi ne, mai tsara kiɗan da ya koma ga abin da ya taɓa tsarawa bai yi laifi ba don ya koma. Abin da ya kamata a tuhume shi a kai shi ne irin aikin da ya yi a karo na biyu, da kuma ko ya ɓoye wa mutane asalin abin.

Wasu Kalmomi da Za Mu Buƙata

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mu fahimci juna a kan wasu kalmomi. A irin kiɗan Turawa da ake yi a zaure, mai tsara kiɗa daban, makaɗi daban. Mai tsarawa yana zaune ne da takarda da alƙalami, yana rubuta wa kowane abin kiɗa da abin busa sautin da zai fitar, sannan babbar ƙungiyar makaɗa, wadda takan kai mutum tamanin ko fiye, ta karanta ta kaɗa. Simfoni dogon kiɗa ne na dukkan ƙungiyar, yawanci kashi huɗu, wanda kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda. A konceto kuwa, gwanin makaɗi guda ne a gaba, ƙungiya tana mara masa baya, wani lokaci tana amsa masa, wani lokaci tana ja da shi. Kantata kuma ita ce wadda ta haɗa makaɗa da mawaƙa.

Kalma ta ƙarshe ita ce kari. Ina nufin ɗan gajeren jerin sautin nan da kunne ke kamawa, har mutum ya tsinci kansa yana yin sa da fito a hanya. Shi ne abin da aka fi ɗauka daga wani aiki zuwa wani. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi: kari sau da yawa bai wuce rabin minti ba, amma konceto yakan kai minti ashirin da biyar ko fiye. Tsakanin rabin minti da minti ashirin da biyar, akwai aikin da dole sai wani ya zauna ya yi.

Korngold: Masara ko Zinariya?

Babu wanda wannan suka ta fi ci wa tuwo a ƙwarya kamar Erich Wolfgang Korngold. An haife shi a 1897 a garin Brno, ya tashi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Yana da shekara 11 ya tsara kiɗan wani wasan rawa wanda aka nuna a babban gidan opera na Biyana a 1910. Opera kuwa wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Yana da shekara 23, a 1920, aka fara nuna operarsa mai suna Die tote Stadt a biranen Hambog da Kolon na Jamus a rana ɗaya. A taƙaice, tun kafin ya taka Holiwud ya riga ya yi suna a Turai.

A 1934 ya fara zuwa Holiwud domin aikin fim, yana zuwa yana komawa gida. A farkon 1938 aka kira shi ya tsara kiɗan fim ɗin The Adventures of Robin Hood. Yana can, a watan Maris na shekarar, sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Korngold Bayahude ne, don haka hanyar komawa gida ta toshe, aka kuma ƙwace gidansa na Biyana. Daga nan har yaƙi ya ƙare, da kiɗan fim ya riƙa ciyar da iyalinsa. Kiɗansa na fim ɗin Anthony Adverse na 1936 da na Robin Hood na 1938 duk sun ci kyautar Oska.

A 1945, shekarar da yaƙi ya ƙare, ya kammala koncetonsa na gogen Turawa. Manyan karin da ke cikinsa duk an taɓa jin su a finafinansa. Kashi na farko ya buɗe da karin fim ɗin Another Dawn na 1937, sannan ya kawo wani daga Juarez na 1939. Kashi na biyu, mai sanyi, ya ginu a kan kari daga Anthony Adverse. Kashi na uku, mai sauri, daga The Prince and the Pauper na 1937 ya fito. Ranar 15 ga Fabrairu, 1947, Jascha Heifetz, wanda yana cikin manyan magogan ƙarni na 20, ya fara kaɗa shi a birnin St. Louis na Amurka, jama'a suka yi ta tafi.

Da aka kai shi birnin Niyok sai labari ya sha bamban. Wani mai sharhi a jarida, Irving Kolodin, ya yi wasa da sunan mutumin, irin wasan da mu ɗaliban harshe za mu so mu duba. Rabin farko na sunan Korngold ya yi daidai da kalmar Ingilishi ta masara, wadda Amurkawa kan yi amfani da ita wajen kushe abu mai arha da ke neman sosa zuciya da ƙarfin tsiya. Rabi na biyu kuwa zinariya yake nufi. Sai mai sharhin ya ce a wannan konceto masara ta fi zinariya yawa. Maganar ta yi daɗin faɗa, don haka ta bi mutumin kamar inuwa. Ya koma Biyana bayan yaƙi bai samu irin karɓuwar da ba, ya dawo Amurka, ya rasu a 1957 yana da shekara 60, a lokacin da kaɗe-kaɗensa na zaure suka kusa ɓacewa daga kunnuwan mutane.

To amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Konceton da aka kira masara a yau yana cikin waɗanda manyan magoga ke kaɗawa a ko'ina. Itzhak Perlman da Gil Shaham da Anne-Sophie Mutter da Hilary Hahn duk sun naɗe shi a faifai, kuma faifan James Ehnes da ke ɗauke da shi ya ci kyautar Grammy a 2008. Fim ɗin Another Dawn kuwa, wanda daga gare shi aka ɗauko karin farko, sai masu tonon tsofaffin finafinai ne suka san da shi.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a lura da shi. A fim ɗin Robin Hood, karin jarumtar da ake busa wa shi Robin ɗin, Korngold ya ɗauko shi ne daga wani kiɗansa na zaure mai suna Sursum Corda, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1920 bai samu karɓuwa sosai ba. Wato mutum ɗaya ya bi hanya ɗaya sau biyu, zuwa da dawowa. Da ya ɗauko daga zaure ya kai fim, Oska aka ba shi. Da ya ɗauko daga fim ya kai zaure, masara aka kira shi. Wannan ya nuna mini cewa abin da ya ɓata wa masu sukar rai shi ne wurin da kiɗan ya fito. A wurinsu fim abin kallon gama-gari ne, kuma duk abin da ya taɓa shiga silima ya yi ƙurar da bai kamata ya shigo da ita zaure ba. A nawa ganin wannan raini ne kawai, bai kai a kira shi nazari ba.

Kiɗan Fim Yana da Gajeren Rai

Dalili na farko da ya sa nake goyon bayan waɗannan mutane shi ne halin da kiɗan fim yake ciki a zamaninsu. Mu da muka saba da waya da intanet sai mu manta cewa a shekarun 1930 da 1940 babu bidiyo, talabijin kuma bai shiga yawancin gidaje ba tukuna. Fim yakan yi 'yan makonni a silima, sannan a mayar da shi ɗakin ajiya. Ko a lokacin da ake nuna shi ma, kiɗan yana ƙarƙashin maganar 'yan wasa da sukuwar dawaki da ƙarar takubba, kuma mai tace fim yana da ikon yanke shi duk inda ya ga dama. Mutumin da ya yi watanni yana tsara kiɗa ya san cewa rabinsa ba za a ji shi da kyau ba, sauran rabin kuma za a manta da shi kafin shekara ta zagayo.

Dubi abin da ya faru da Sergei Prokofiev na Rasha. A 1938 ya tsara kiɗan fim ɗin Alexander Nevsky na Sergei Eisenstein, labarin yariman da ya ci mayaƙan Jamusawa da yaƙi a kan daskararren tafki a 1242. Na'urorin ɗaukar sauti na lokacin ba su da inganci, don haka kiɗan ya fito a shaƙe. Prokofiev bai ɓata lokaci ba, ya tattara gutsattsarin kiɗan ya sake gina su, ya mayar da su kantata mai kashi bakwai, aka kaɗa ta a birnin Mosko a watan Mayu na 1939. Bayan wata uku, a Agusta, Tarayyar Sobiyat ta ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Hitler, sai aka janye fim ɗin daga gidajen silima domin ya nuna Jamusawa a matsayin abokan gaba. Ba a dawo da shi ba sai da Jamus ta kai wa ƙasar hari a 1941. Ka ga ke nan ran fim yana hannun 'yan siyasa. Kantatar kuwa har yau ana rera ta a ƙasashe da dama, sau da yawa a gaban mutanen da ba su taɓa ganin fim ɗin ba.

Bugu da ƙari, a Holiwud yawanci kamfani ne ke mallakar takardun kiɗa. A wajajen 1970 kamfanin MGM ya zubar da tarin takardun kiɗan finafinansa a juji domin samun wurin ajiya, har daga baya sai da masana suka riƙa sauraron tsofaffin finafinan suna sake rubuta kiɗan da kunne. Wanda ya ga irin wannan zai zargi mai tsara kiɗa don ya kwashe abin da ya fi so daga cikin aikinsa ya kai shi inda zai rayu? Manomi ma ba ya cinye amfanin gonarsa duka, yakan ware iri.

Aikin da Ke Tsakanin Kari da Konceto

Dalili na biyu shi ne wanda na roƙi mai karatu ya riƙe tun farko. A fim, hoto ne ke jan kiɗa. Idan jarumi ya buɗe ƙofa bayan daƙiƙa arba'in, dole kiɗan ya juya a nan, ko ya gama faɗin abin da yake faɗa ko bai gama ba. A zaure kuwa babu hoto, babu labari, babu kyakkyawar fuskar da za ta ɗauke hankalin mai sauraro. Kiɗan ne kaɗai zai riƙe mutum a kujera. Don haka dole mai tsarawa ya ɗauki ɗan karin nan ya faɗaɗa shi, ya juya shi, ya haɗa shi da wani, ya ɓoye shi ya sake fito da shi a wata kama. A kashi na uku na konceton Korngold, alal misali, karin The Prince and the Pauper yana fara zuwa ne a guje, cikin tsalle-tsallen goge, sai can daga baya ƙungiya ta fito da shi a fili da cikakkiyar siffarsa. Wannan gini babu shi a fim ɗin.

Misalin Ralph Vaughan Williams na Ingila ya fi fito da wannan batu. A 1948 ya tsara kiɗan fim ɗin Scott of the Antarctic, labarin Kyaftin Robert Scott wanda ya isa ƙuryar kudancin duniya a Janairun 1912, ya tarar Roald Amundsen na ƙasar Nowe ya riga shi da kimanin wata guda, sannan shi da abokan tafiyarsa huɗu suka mutu a hanyar dawowa. Labarin ya kama zuciyar dattijon har ya rubuta kiɗa mai yawa tun kafin ya ga fim ɗin, kuma da yawa daga abin da ya rubuta bai samu shiga ba. Daga 1949 zuwa 1952 ya zauna ya mayar da wannan kiɗa simfoninsa na bakwai, mai suna Sinfonia antartica, mai kashi biyar. Ya saka muryoyin mata suna rerawa ba tare da kalmomi ba, da ogan, wato babban abin kiɗan nan na coci, da wata na'ura da ake juyawa tana kukan iska. An fara kaɗa shi a birnin Manchesta a Janairun 1953, ƙarƙashin jagorancin John Barbirolli, lokacin mai shi yana da shekara 80.

Fim ɗin ya fi mayar da hankali ga jarumtar 'yan Ingila. Simfonin kuwa ya ƙare ne da muryar mace da kukan iska, har sauti ya ɓace gaba ɗaya, kamar ƙanƙara ta shafe sawun mutane. Kayan gini ɗaya ne, amma abin da aka faɗa da su ya bambanta. Masu sharhi sun yi ta gardama a kan ko ya cancanci a kira shi simfoni, kuma suna da damar yin haka. Amma mutumin da ya yi shekara uku a kan aiki, ba adalci ba ne a ce ɗumame ya yi.

Tsohuwar Al'ada Ce

Har ila yau, wannan ɗabi'a ta girmi fim nesa ba kusa ba. Johann Sebastian Bach, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin uban gidan masu tsara kiɗa, ya gina babban aikinsa na bikin Kirsimeti na 1734 ne da kaɗe-kaɗen da ya tsara a 1733 domin taya gidan sarautar Saksoni murna, ya sauya musu kalmomi. Kiɗan buɗe fage na operar Gioachino Rossini ta 1816 a kan wanzamin birnin Sebil ya riga ya yi amfani da shi a wasu operori biyu, a 1813 da 1815. Babu wanda ya cire sunan waɗannan mutane daga littafin tarihi saboda haka.

A zamanin fim ma hanyar ba ta taɓa zama mai zuwa ɗaya ba. Miklós Rózsa, ɗan ƙasar Hangari, ya tsara konceton goge wanda shi ma Heifetz ne ya fara kaɗa shi, a 1956. Daraktan fim Billy Wilder ya ƙaunaci konceton, ya roƙi Rózsa ya gina kiɗan fim ɗinsa na 1970 a kan Sherlock Holmes da shi, tun da Holmes ɗin a labari magogi ne. Nino Rota na Italiya ya ɗauko wani tsohon simfoninsa na shekarun 1940 ya yi kiɗan fim ɗin Il Gattopardo na 1963. John Corigliano kuma, daga kiɗansa na fim ɗin The Red Violin na 1998 wanda ya ci Oska, ya fitar da cikakken konceto a 2003.

Mu da muke nazarin waƙar baka bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun san makaɗi yakan yi waƙa ɗaya a wurare da dama, gindinta yana nan, ɗiyanta suna sauyawa gwargwadon wuri da masu sauraro. Wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a naɗi biyu daban-daban ya san haka, kuma babu manazarcin da ya taɓa kiran wannan zamba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda Masu Suka Suke da Gaskiya

Duk da haka, ba zan ce masu suka ba su da hujja ko kaɗan ba. Akwai wurare biyu da nake tare da su.

Na farko shi ne inda babu sabon aiki. Akwai abin da ake yi na tsinto gutsattsarin kiɗan fim a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar tsinken tsire, a kai zaure. Wannan yana da daɗin ji ga wanda ya kalli fim ɗin, domin yana tuna masa da abin da ya gani, kuma babu laifi idan an kira shi da sunansa. Laifin yana zuwa ne idan aka laƙaba masa babban suna alhali ba zai iya tsayawa da ƙafarsa ba. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a kunna wa wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba. Idan ya zauna har ƙarshe, an yi aiki. Idan ya fara hamma a minti na biyar, to ɗumame ne.

Na biyu shi ne inda aka yi alkawarin sabon abu, musamman a gasa. A 1973 an saka sunan Nino Rota cikin masu neman Oska saboda kiɗan fim ɗin The Godfather na 1972, sannan aka janye sunan da aka gano cewa shahararren karin soyayyar da ke ciki ya taɓa amfani da shi a fim ɗin Fortunella na 1958. Haka kuma aka hana Jonny Greenwood shiga gasar da kiɗansa na fim ɗin There Will Be Blood na 2007, saboda wani ɓangare nasa ya fito daga ayyukansa na baya, ciki har da wani kiɗan zaure da ya tsara wa BBC. Kyautar ta sabon kiɗa ce, don haka masu ita suna da ikon su tambayi abin da yake sabo. Wanda kuma ya biya kuɗi domin a tsara masa sabon kiɗa yana da hakkin a faɗa masa gaskiya tun farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai ko a nan ma dokar ta yi tuntuɓe da kanta. A shekarar da aka janye sunan Rota, kiɗan da ya ci kyautar shi ne na fim ɗin Limelight na Charlie Chaplin, wanda aka yi tun 1952, amma ba a nuna shi a birnin Los Anjalis ba sai 1972. Wato an kori wani saboda tsohon kari guda, aka ba kiɗan da ya shekara ashirin. Bayan shekara biyu kuma, a 1975, aka ba Rota da Carmine Coppola Oska saboda kashi na biyu na The Godfather, wanda ke ɗauke da karin da aka ji a kashi na farko. Wannan ya isa ya nuna cewa dokar gasa ma'auni ne na raba kyauta kawai, ba ta iya gaya mana ko kiɗa yana da kyau ko ba shi da shi.

Kammalawa

Bari in koma ga jingar da na fara da ita. Dalilin da ya sa ba a miƙa ta sau biyu shi ne, an ba da ita domin a auna abin da ɗalibi ya koya a wannan darasi, kamar dai gasa. Wanda ya miƙa tsohuwa a ɓoye ya yaudari ma'aunin. Amma a ɗauka ɗalibi ya yi jinga mai shafi biyar a aji biyu, batun ya ci gaba da damunsa, da ya kai aji huɗu ya je wa malamin da ke duba shi ya ce yana son ya faɗaɗa ta, ya yi shekara guda yana bincike, ya fitar da kundi mai babi biyar. Wannan ɗalibi yabo ya cancanta, domin ya gane abin da yake da daraja a cikin aikinsa ya ƙi barinsa ya mutu a cikin kwali. Abin da Korngold da Prokofiev da Vaughan Williams suka yi ke nan.

Saboda haka, duk lokacin da muka ji an ce wane ya sake amfani da kiɗansa, ko waƙarsa, ko rubutunsa, tambayoyi uku nake ganin ya kamata mu yi kafin mu yanke hukunci. Nasa ne? Ya ɓoye wa wanda ya kamata ya sani? Ya yi sabon aiki a kai? Idan nasa ne, bai ɓoye ba, kuma ya yi aiki, to mu bar shi ya sha iska.

Daga ƙarshe, ina ba 'yan uwana shawara kada su tsaya ga maganata ko ta Kolodin. Konceton Korngold yana nan a intanet, kimanin minti ashirin da biyar ne. A nemi lokaci bayan lacca a saurare shi tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya ji masara ce, shafin wannan mujalla a buɗe yake, sai ya rubuto mu ji hujjarsa a fitowa ta gaba.